Gwanayen Etame

A kudancin ƙasar Gabon, tafiyar kilomita 30 da 'yan kai daga gaɓa zuwa cikin teku, akwai wani filin mai da ake kira Etame. Zurfin ruwan wurin bai kai mita 100 ba. Wani kamfanin Amurka mai suna VAALCO, mai hedikwata a birnin Houston, shi ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Gabon a kan wurin a 1995, ya haƙa ya tarar da mai a 1998, gangar farko kuma ta fito a watan Satumba na 2002. Hasashen da aka yi da fari bai wuce a samu ganga miliyan 30 ba. Kafin 2020 ta kama an riga an zarce miliyan 100, kuma har yau ana kan ɗiba.

In ana lissafa kamfanonin mai na duniya, ba a kawo sunan VAALCO. Shekaru da dama rabonsa a Etame bai wuce 'yan dubban ganguna a rana ba, abin da irin su Shell da ExxonMobil ke fitarwa cikin 'yan mintuna. Kuma har zuwa 2022 kusan duk abincinsa a wannan fili ɗaya yake. Babban kamfani in rijiya ta mutu masa a Najeriya, wata tana zuba a Brazil, wata a Kazakistan, ko a jikinsa. Ƙarami ba shi da wannan madogara. Shi ya sa aikin mutanen da ke riƙe da irin wannan fili yake burge ni matuƙa. Dole injiniyan da ke duba famfo a tsakiyar teku ya san abin da mutuwar famfon za ta yi wa asusun banki, dole shi ma ma'aji da ke zaune a ofis ya san sunan kowace rijiya da halinta. Ƙarfe da kuɗi lissafi ɗaya ne a wurinsu, kuma iya riƙe su tare ita ce gwanintar.

Wahalar tana farawa ne daga cewa a teku komai na haya ne, kuma hayar ba ta sanin ko an samu ko ba a samu ba. Man Etame ba bututu ke kai shi tudu ba. Shekara ashirin cur, daga 2002 zuwa 2022, wani jirgin ruwa mai suna Petróleo Nautipa ne ke tsaye a wurin, an ɗaure shi da sarƙoƙi a ƙasan teku. Tsohuwar tankar dakon mai ce aka gyara, aka ɗora mata injinan raba mai da ruwa da iskar gas, cikinta kuma ya zama rumbun ajiya. Ma'aikata FPSO suke ce wa irin wannan jirgi. Ba na VAALCO ba ne, a shekarunsa na ƙarshe na kamfanin BW Offshore ne, kuma kullum ta Allah kuɗin haya na hawa. Ga jirgi mai saukar ungulu da ke kai ma'aikata ya dawo da su, ga jiragen ruwa masu jigilar abinci da dizal da sinadarai da kayan gyara daga tudu, ga inshora, ga albashi. Duk direban da ya taɓa karɓar motar haya ya san wannan hali: balas ɗin mai mota yana nan yadda yake, ko ka cika mota sau goma ko ka yini a tasha ba ka yi lodi ba.

A ɗauki misali don a ga yadda abin ke cizo. A ce duk waɗannan suna cin dala miliyan 100 a shekara. In fili yana ba da ganga 20,000 a rana, kowace ganga ta ci kusan dala 14. In ya sauka zuwa 12,000, ta koma kusan dala 23. In ya kai 8,000, ta haura dala 34, alhali ba a sayi ko ƙusa ɗaya ƙari ba, kuma ba a cire kason gwamnati ba tukuna. Filin mai kuwa raguwa yake yi, halittarsa ke nan. Don haka ko farashi bai motsa ba, ribar ƙaramin kamfani tana zaizayewa da kanta kowane wata, sai in an samu wanda ya iya tare ta.

Mai tarewar na farko shi ne injiniyan da ya san abin da ke faruwa a ƙarƙashin ƙasa. Mutane da yawa suna zaton mai tafki ne a kwance a can ƙasa, a zura bututu a zuƙo. A'a, a cikin dutse yake, cikin 'yan ƙofofi tsakanin ƙwayoyin yashi da suka dunƙule tun zamanin da ba mutum a duniya. Dutsen da ke ɗauke da yawancin man Etame sunansa Gamba, dutsen yashi ne mai kyau da mai ke ratsawa cikin sauƙi, a samansa kuma akwai shimfiɗar gishiri mai kauri da ta hana man tserewa. A ƙarƙashin man akwai ruwan gishiri mai ƙarfi da ke tunkuɗo shi sama. Wannan ruwa alheri ne, don shi ke riƙe ƙarfin fili ya daɗe. Shi ne kuma ke cinye rijiya daga ƙarshe. Kowace ganga da aka ɗebe, ruwa na hawa ya cike gurbinta, har wata rana ya iso bakin rijiya. Daga nan abin da ke fitowa ya zama gauraye, yau kashi goma ruwa, baɗi kashi arba'in, can gaba a wayi gari ruwan ya ninka man sau da yawa. Duk wannan ruwa sai an ɗago shi da wutar lantarki, an raba shi, an tsabtace shi, kuma ba mai saye.

Nan ake ganin hannun gwani. Yawancin rijiyoyin Etame ba a miƙe suke ba. Ana haƙawa a gangara, a lanƙwasa a hankali, sannan a kwantar da rijiyar ta bi saman dutsen a kwance na ɗaruruwan mitoci, nesa da ruwan da ke ƙasa. Mai tuƙa bakin na'urar haƙan yana zaune a ɗaki a saman teku, ba ya ganin komai sai lambobin da ke zuwa masa a allon kwamfuta daga zurfin da ya kusa kilomita biyu, amma yana riƙe hanya cikin tazarar 'yan mitoci. Bayan an gama, sai tambayar da ke biye: da wane ƙarfi za a ja? In aka ja da ƙarfi, kuɗi na shigowa da wuri, amma ruwa yana tasowa kamar tsini ya huda man ya iso rijiya tun lokacinsa bai yi ba, kuma in ya iso da wuya ya koma. In aka ja a hankali, rijiya na daɗewa, amma haya ba ta jira. Ba littafin da ke ba da amsa. Kowace safiya ana karanta rahoto: ƙarfin matsi a bakin kowace rijiya, zafinta, yawan ruwan da aka gani a samfurin da aka ɗiba cikin kwalba, yawan wutar da famfo ke sha. Wanda ya shekara goma yana karanta waɗannan lambobi yakan gane rijiya za ta ba da matsala makonni kafin ta bayar, daga ɗan canjin da baƙo ba zai lura da shi ba.

Famfon nan da na ambata, a kansa ne rayuwar irin wannan kamfani ta rataya, don haka bari mu tsaya a kansa. Famfo ne na lantarki da ake nutsarwa cikin rijiya. Siriri ne, faɗinsa bai fi taƙi ɗaya ba, amma tsawonsa da injinsa ya kai mitoci da yawa, an jera masa fanka-fanka a ciki masu juyawa dubban zagaye a minti. Ana rataye shi a ƙarshen bututu, a sauke shi fiye da kilomita guda, wayar lantarki mai kauri tana ɗaure a jikin bututun tun daga sama. Can yake zaune cikin zafi da ruwan gishiri da yashi, dare da rana. In an yi sa'a ya yi shekaru. In ba a yi ba, watanni. Yashi na cin fankokinsa, gishiri na daskarewa ya toshe shi, iskar gas na shiga ta sa ya yi ta juyi a banza har ya yi zafi, ko kuma waya ta ɗan fashe a wani wuri ruwa ya shiga. Abin da ya fi ƙi shi ne a kashe a kunna, domin a lokacin tayarwa ne yake jan wuta mafi yawa. Shi ya sa masu kula da janareta a dandamalin ƙarfe da ke tsaye kan rijiyoyi ba ƙananan mutane ba ne, ɗaukewar wuta ta minti biyar tana iya jawo asarar miliyoyin daloli.

A 2016 da 2017 famfunan rijiyoyin Avouma, ɗaya daga dandamalan ƙarfe huɗu da ke filin, sun yi ta mutuwa, daidai lokacin da aljihun kamfanin ya fi bushewa. Hanyar da aka saba ita ce a ɗauko jirgin haƙa mai ƙafafu, ya zo ya kafa ƙafafunsa a ƙasan teku kusa da dandamali ya ciro famfon. Amma hayarsa dubban daloli masu yawa ce a rana, ban da kuɗin janyo shi daga wata ƙasa, kuma sai an jira layi. Sai suka koma ga wata ƙaramar na'ura mai aiki da ƙarfin matsin mai, wadda ake kawowa gunduwa-gunduwa a jirgin kaya, a ɗaga da ƙugiya a harhaɗa a kan dandamalin. Kafin a taɓa komai sai an cika rijiyar da ruwan gishiri mai nauyi da zai danne man kada ya taso, a ɗora manyan bawul na kariya a bakinta. Sannan na'urar ta kama bututu ta ɗago shi, a kwance gaɓa ɗaya mai tsawon mita tara da wani abu, a ajiye, a ɓalle maƙallan waya, a naɗe wayar a babban faifai, a sake kamawa. Gaɓa fiye da ɗari, ɗaya bayan ɗaya, a kan fili ƙunci da ruwa ya kewaye, ana aiki cikin dare da fitilu. In famfon ya fito ba a yar da shi. Ana kai shi masana'anta a farke shi gaba ɗaya, a ga wane ɓangare ne ya fara lalacewa kuma me ya kashe shi, domin kada a mayar da sabo ya mutu da cutar da ta kashe na farko. A rijiyoyin Etame famfo biyu ake saukewa, na sama da na ƙasa, in ɗaya ya tsaya a tayar da ɗayan ba tare da an buɗe rijiya ba. A 2021 kamfanin ya sayi irin wannan na'ura tasa ta kansa ya ajiye ta a Gabon. A idon babban kamfani wannan ba labari ba ne. A nan kuwa bambanci ne tsakanin rijiya ta yi makonni a kwance da ta yi watanni.

Akwai kuma gwanintar sanin abin da za a haƙura da shi. A 2012 aka gano iskar haidurojin salfaid a rijiyoyi biyu na dandamalin Ebouri. Iska ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai in kaɗan ce, in ta yi yawa sai ta kashe jin warin gaba ɗaya, ta kashe mutum cikin ɗan lokaci, tana kuma cin ƙarfe. Injinan filin ba don irin wannan mai aka ƙera su ba. Aka rufe rijiyoyin. An yi nazarin gina wurin da zai tace iskar, amma da farashi ya faɗi lissafin bai fita ba, sai aka jingine, aka bar man a ƙasa ana ganinsa a takarda. Ina girmama wannan shawara. Ba abu ne mai sauƙi ba mutum yana neman kowace ganga ido rufe, ya rufe rijiya mai bayarwa saboda ran ma'aikata, sannan ya hana kansa cin bashi don ya buɗe ta.

Kuɗi kuwa ba kullum suke shigowa ba. Mai yana taruwa a cikin jirgin ajiya, kusan sau ɗaya a wata tankar mai saye ta zo. Ana ɗaure ta da igiya mai kauri a bayan jirgin ajiyar, wani jirgin ja yana riƙe da ita ta baya don kada igiyar ruwa ta haɗa su karo, a miƙa mata doguwar mesa mai yawo a kan ruwa, a yi ta tura mai kusan kwana guda. Masu awo na waje da jami'an gwamnati suna nan, ana auna tankuna kafin a fara da bayan an gama, ana ɗibar samfuri a rufe da hatimi. Bayan tankar ta tafi sai a jira kamar wata guda kafin kuɗi su faɗo. Ke nan kamfani yana kashewa kwana 365, yana karɓa sau goma sha biyu ko ƙasa da haka. In tanka ta yi jinkirin mako guda, cinikin wata uku na iya fitowa da giɓi, masu hannun jari su firgita. In jinkirin ya yi tsawo rumbu ya cika, dole a kashe rijiyoyi, a koma ga haɗarin nan na tayar da famfo. Mai tsara ranar zuwan tanka yana kallon yanayin teku, yana kallon sauran gurbi a rumbu, yana kallon ranar biyan haya, duk a lokaci guda.

Kuma gangunan ba na mutum ɗaya ba ne. Gwamnatin Gabon tana cire kasonta daga sama, sannan a ƙyale kamfanoni su mayar da abin da suka kashe har zuwa wani ƙayyadadden kaso, ragowar a raba. Kowace takardar sayen kaya sai an adana ta, don masu binciken gwamnati za su zo su duba, abin da ba su yarda da shi ba ya zama asarar kamfani. Ga abokan tarayya, a Etame kafin 2021 akwai Addax ta ƙasar Sin, da PetroEnergy ta Filifin, da Sasol ta Afirka ta Kudu. Mai gudanar da fili shi ke kashe kuɗi a madadin kowa, ya aika musu su kawo nasu rabon, kuma ba ya haƙa sabuwar rijiya sai sun amince. Ƙaramin kamfani da ke jagorantar waɗanda suka fi shi ƙarfi sai ya iya lallashi da hujja.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo a 2014. A shekarar kamfanin ya kafa sababbin dandamali biyu ya shiga haƙa, farashin ganga a watan Yuni yana kusan dala 115. Zuwa Janairun 2016 ya faɗo ƙasa da dala 30. Aka sallami jirgin haƙa, aka rage ma'aikata, aka koma teburi da duk mai kwangila a nemi sassauci. Hannun jarin kamfanin ya faɗi ƙasa da dala guda a kasuwar New York, har kasuwar ta aiko da gargaɗin za ta cire sunansa. A wannan guguwar ce maƙwabta suka kife. Afren, kamfanin Landan da ya fara fitar da mai a filin Ebok na tekun Akwa Ibom a 2011, ya durƙushe a watan Yulin 2015 da bashin da ya haura dala biliyan guda, aikin filin ya koma hannun abokin tarayyarsa Oriental Energy na Alhaji Muhammadu Indimi, attajirin Maiduguri. Erin Energy, mai filin Oyo a tekun Najeriya, wanda ya dogara da 'yan rijiyoyi ƙalilan kuma bashin hayar jirginsa ya taru, ya shiga kotun fatara a Amurka a watan Afrilun 2018. Mai bai ƙare a ƙasa ba a wuraren nan biyu. Kuɗin hannu ne ya ƙare kafin ranar biyan bashi.

Abin da VAALCO ya yi bayan haka, jerin da ya bi shi ne darasin. Bai koma haƙa ba da farashi ya ɗan farfaɗo. Ya fara da biyan bashin da hukumar IFC ta Bankin Duniya ke binsa, ya gama a 2018. A watan Satumba na shekarar ya samu gwamnatin Gabon ta tsawaita masa yarjejeniya da shekara goma, zuwa 2028. Dalilin a fili yake: rijiyar da za a kashe wa miliyoyin daloli tana bukatar shekaru kafin ta biya kanta, ba mai hankalin da zai haƙa ta a filin da izininsa ya kusa ƙarewa. Sai da waɗannan biyun suka tabbata, a ƙarshen 2019, aka sake kawo jirgin haƙa, aka biya shi da kuɗin da filin ya tara. Shekara uku da wani abu ke nan ana kallon fili yana raguwa ba a ƙara masa rijiya ko ɗaya ba, ana riƙe shi da gyaran famfo kawai. Wannan haƙuri ne mai tsada, kuma ba kowane shugaban kamfani ke iya jure matsin masu jari na tsawon wannan lokaci ba.

Da annobar korona ta zo a 2020, farashin ganga ya faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, amma ta tarar ba bashi, sababbin rijiyoyi suna zuba, kuma an riga an ɗaure farashin wani ɓangare na man a sama da dala 60 har zuwa watan Yuni. Ɗaure farashi yarjejeniya ce da banki ko ɗan kasuwa: in farashi ya faɗi ƙasa da wanda aka yanka, su cika maka, in ya haura, kai ka biya su rarar. A farkon 2021 kamfanin ya sake ɗaurewa a dala 50 da 'yan kai, farashi kuwa ya haye dala 80 kafin shekarar ta fita, ya biya rarar. Mai kallo daga waje zai ce an yi asara. Amma a watan Fabrairun shekarar ne ya sayi rabon Sasol, kashi 27.8 cikin ɗari, a kan dala miliyan 44, rabonsa ya tashi daga 31.1 zuwa 58.8, ga kuma wani zagayen haƙa yana tafe. Wanda ya ɗauki alkawari irin wannan da fili ɗaya tal, tabbacin kuɗin da za su shigo ya fi masa ribar da ba ta tabbata ba. Ni a ganina ma'ajin ya yi daidai a shekarun biyu duka.

Aikin da ya fi nuna haɗuwar ƙarfe da kuɗi shi ne na 2022. Kwangilar Nautipa ta zo ƙarshe, jirgin ya tsufa, hayarsa ita ce kaya mafi nauyi a kasafin filin. Maimakon a nemo wani irinsa, sai aka raba aikinsa gida biyu. Rabe mai da ruwa aka mayar da shi kan dandamalin Etame, wanda mallakin masu filin ne. Ajiya kaɗai aka bar wa jirgi, aka yi hayar wata tanka mai bango biyu da aka sa wa suna Teli, wadda ba ta da injinan tacewa, don haka ta fi araha nesa ba kusa ba, cikinta kuma ya fi faɗi. Sai da aka sake shimfiɗa bututai a ƙasan teku, aka juya hanyar da mai ya shekara ashirin yana bi, aka ɗora sababbin injina a dandamalin da ke kan aiki, aka tsara komai yadda kwanakin da za a kashe rijiyoyi za su zama kaɗan. A watan Oktoba aka kammala. Kuɗin ajiya da lodi ya ragu da kusan rabi. A koma kan misalin nan na dala miliyan 100: duk abin da aka zabge daga kuɗin da ba ya motsi, yana ƙara wa fili shekaru, domin gangunan da da za a bari a ƙasa saboda ba sa biyan kansu yanzu sun zama masu biya.

Yabon nan yana da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Tsimi a teku yana da fuska biyu. Akwai wanda ke rage kuɗi da basira, akwai wanda ke ragewa ta hanyar ɗage duba bututun da tsatsa ke ci, ko barin bawul ɗin kariya ba gwaji. Na biyun ba gwani ba ne, masunta da mazauna gaɓa ne ke biyan bashinsa ranar da mai ya malala. Ma'aunin da nake auna ƙaramin kamfani da shi shi ne ko yana tsayar da fili gaba ɗaya na 'yan kwanaki a shekara don gyara da bincike, yana sane da cewa kowace rana dubban ganguna ne ba za su shiga rumbu ba, da kuma ko yana tara kuɗin rufe fili.

Domin ranar rufewa tana nan tafe, kuma ita ma da kuɗinta. Kowace rijiya sai an ciro famfonta da bututunta, an toshe ta da siminti a matakai daban-daban, an yanke ƙarfenta a ƙasan teku. Dandamali sai an yanke ƙafafunsa an ɗauke shi da babban jirgin ƙugiya, bututai a wanke su. Miliyoyin daloli masu yawa ne, kuma ana bukatarsu a daidai lokacin da fili ya daina kawo ko sisi. Yarjejeniyar Etame ta wajabta a riƙa zuba kuɗi a asusu na musamman tun fili yana da rai. A ƙarshen kowace shekara injiniyoyi suna zama su zana layi biyu, na raguwar mai da na kuɗin gudanarwa, su ga a wace shekara za su haɗu, masu bincike na waje su duba lissafin kafin a kai wa hukumar kasuwar jari ta Amurka. Famfon da ya ƙara shekara, tankar da ta fi araha, rijiya ɗaya da aka kwantar a wurin da wani binciken ƙasa da aka yi a ƙarshen 2020 ya nuna saura mai, kowanne yana tura mahaɗar layukan gaba kaɗan. Izinin filin yana da damar ƙarin shekara biyar-biyar har sau biyu bayan 2028, kuma ko za a nemi ƙarin ya danganta ne da inda layukan suka haɗu a lissafin shekarar.